Wace na'urar CT ce ta fi iya ɗaukar jijiyoyin zuciya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce asibitinku na shirin sayen na'urar CT, wato mai ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka da hasken eksire, da za a riƙa duba jijiyoyin zuciya da ita, wakilan kamfanoni sun cika muku tebur da takardu, wannan yace tashi silayis 128 ce, wato yawan yankan hoton da take fitarwa a zagaye ɗaya, wancan yace 256, wani 384 wani har 640, ga mai tiyub biyu (tiyub shine mai fitar da hasken eksire) ga kuma sabuwar nan mai ƙirga fotan, wato ƙwayoyin hasken, kai kuma kana so ka san wacce ta fi. To bari in faɗa maka yadda na fahimci abun bayan shekarun da nayi ina karanta waɗannan hotuna, amsar zata ɗan yi tsawo kayi haƙuri.

Kafin komai ka ajiye lambar silayis ɗin nan gefe, dan ita ce ta fi ruɗar mutane. Tun 2004 da masu 64 suka fito ake wannan rikici. Sensation 64 ta Siemens layin ditekta 32 gareta (ditekta shine mai karɓar hasken bayan ya ratsa jiki), faɗinsu duka bai kai santimita 2 ba, wata dabara akeyi ta girgiza inda hasken ke fitowa a cikin tiyub sai kowane layi ya bada hoto biyu, ita kuwa LightSpeed VCT ta GE layi 64 ne cif, faɗin santimita 4, amma dukkansu 64 ake kiransu. Haka abun yake har yau. Brilliance iCT ta Philips ana ce mata 256 alhali layi 128 ne, santimita 8. Revolution CT ta GE layi 256 ne, santimita 16. Wadda aka ce maka 640 ɗin nan Aquilion ONE ce, layi 320 aka ninka a lissafi, mai 384 kuma Somatom Force ce, ditekta biyu kowanne layi 96. Ka ga kenan idan mutum yace maka "256" bai gaya maka komai ba tukuna, zai iya zama rabin zuciya take ɗauka zai iya zama zuciya duka. Abin da zaka tambaya shine faɗin ditekta a santimita, da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) nawa take ɗauka kafin ta samu hoto ɗaya, da kuma ƙanƙantar abin da zata iya rarrabewa.

Dalilin da yasa zuciya ta fi kowace gaɓa wahala a CT shine abin da muke nema ƙarami ne kuma baya tsayawa wuri ɗaya. Jijiyoyin da ke shayar da zuciya faɗinsu a farko milimita 3 zuwa 4 ne, suna sirancewa har ƙasa da 2 a can ƙarshe. Ɗauki jijiya mai milimita 3, idan ta tsuke da kashi 40 cikin 100 hanyar da ta rage milimita 1.8 ce, idan kashi 70 ne saura 0.9. Tsakanin wanda za a ba magani ya koma gida da wanda za a fara maganar saka masa sitent, ɗan bututun ragar ƙarfe da ake buɗe jijiya da shi, bambancin bai kai milimita ɗaya ba, su kuma yawancin na'urori kaurin yankansu 0.5 ne zuwa 0.625. Yanzu ka ƙara da cewa abun nan yana tsalle sau 60 ko 80 a minti, musamman tsakiyar jijiyar dama wadda ta fi kowacce rawa. Kamar kace zaka ɗauki hoton rubutun da ke jikin fiffiken fanka ne da waya fankar tana juyawa.

To sai maganar sauri, nan ne zan ɗan daɗe dan a ganina shine zuciyar maganar. CT tiyub ne da ditekta suna kallon juna a cikin zobe, zoben yana juyawa, kuma kafin kwamfuta ta haɗa hoto ɗaya tana buƙatar bayanan rabin zagaye. Dan haka lissafin ba wuya, idan zoben yana zagaye ɗaya a sakan 0.35 to ƙiftawar kyamararka milisakan 175 ce, idan 0.28 ne ta zama 140, GE sun kai Revolution Apex 0.23 wanda ya bada kusan 115. Ba za a iya ta ƙara gudun nan ba iyaka tunda abin da ke juyawa ƙarfe ne mai ɗaruruwan kilo. Ita kuma zuciya idan tana bugawa 60 a minti kowane bugu sakan ɗaya ne, kuma akwai ɗan lokaci da take lafawa bayan ta saki ta cika da jini, wajen kashi 70 zuwa 75 na tsakanin bugu da bugu, nan muke kai hari. Matsalar itace da zarar bugun ya ƙaru wannan lokacin hutun ne yake fara tsukewa, lokacin matsewa kusan baya canjawa. Kafin a kai 80 ko 90 hutun ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, sai dai mu koma ƙarshen matsewa wajen kashi 35 zuwa 45, shi kuma gajere ne sosai. Ƙiftawar 175 tana shiga cikin hutun mai bugu 55 ba matsala, amma a mai bugu 85 sai kaga jijiyar dama ta zama kamar an shafe ta da yatsa.

Wannan ne ya kawo mai tiyub biyu. A 2005 Siemens suka fito da Somatom Definition, suka saka tiyub biyu da ditekta biyu a zobe ɗaya, kusan digiri 90 tsakaninsu, kowanne yayi kwata na zagaye an samu rabin da ake buƙata kenan. Ta farkon ta bada milisakan 83, Definition Flash ta sauko 75, Force da ta zo a 2013 tana zagaye a sakan 0.25 ta bada 66. In kayi lissafi zaka ce ai kwatan 250 bai kai 66 ba, dalili shine tiyub ɗin digiri 95 ne tsakaninsu ba 90 cif ba. Wannan sauri na gaske ne daga ƙarfen yake fitowa, kuma bai dogara da yadda zuciyar mutum ke bugawa ba. Wanda ya taɓa karanta hoton mai bugu 90 da aka ɗauka da irin wannan na'ura ya san bambancin, jijiyar dama tana fitowa tas. Tiyub biyu kuma yana nufin ƙarfin haske ninki, abin da ke taimako ga masu ƙiba sosai inda hoto kan yi yashi-yashi. Tana da wani salo kuma da gadon da mara lafiya ke kwance a kai ke gudu, a Force yana kai santimita 73 da ɗoriya a sakan, a share zuciya duka a cikin bugu ɗaya da radiyeshin da kan gaza milisibat 1 (milisibat shine ma'aunin radiyeshin), sai dai wannan salon yana son bugu a hankali kuma a kan tsari, in ya kuskure lokacin ba ka da wani hoton da zaka koma wa.

Inda take da rauni shine faɗi. Ditektan Force bai kai santimita 6 ba, zuciya kuwa daga sama zuwa ƙasa santimita 12 ce zuwa 14, dan haka a salon da aka fi amfani da shi sai an ɗauka gunduwa-gunduwa, a ɗauki wannan yanki a wannan bugun, gado ya matsa, a jira wani bugun a ɗauki na gaba, daga baya kwamfuta ta ɗinke su. Idan bugun a kan tsari yake kuma mutum ya riƙe numfashi da kyau ɗinkin baya nunawa. Idan kuwa wani bugu yayi tsalle ko mutum ya ɗan saki numfashi, sai kaga jijiya ta karye kamar matakalar bene, kuma wani lokacin daidai wurin karyewar ne kake zargin akwai tsukewa.

Masu faɗin ditekta wannan matsalar suka zo magancewa. Toshiba ce ta fara a 2007 da Aquilion ONE, layi 320 kowanne rabin milimita, santimita 16 kenan, daga baya Canon ta sayi ɓangaren a 2016 shi yasa yanzu kake ganin sunan Canon a jiki. GE ta biyo da Revolution CT. A nan gado baya motsi ko kaɗan, zagaye ɗaya bugu ɗaya zuciya duka ta shigo, ba ɗinki ba matakala, ruwan aidin ɗin da ake ɗurawa a jini dan jijiyoyi su fito a hoto daga sama har ƙasa duk na lokaci ɗaya ne. Ga mai bugun da baya kan tsari, irin masu AF, ciwon da ke sa saman zuciya karkarwa, ko tsohon da bazai iya riƙe numfashi na sakan goma ba, ko ƙaramin yaro, wannan ba ƙaramar ni'ima bace. Har wa yau idan kuna da burin auna yadda jini ke ratsa naman zuciya bayan an bada maganin da ke buɗe jijiyoyi, ditekta mai faɗi shi yafi dacewa tunda yana kallon zuciyar duka a kowane ɗauka. Amma fa tiyub ɗaya ne, ƙiftawarta tana nan a 140 ko kusa da haka. Wato ka samu zuciya duka a bugu ɗaya, sai dai in bugun nan mai sauri ne hoton dukansa zai iya yin dishi-dishi.

Ka lura kenan cuta biyu ce daban kowacce take magani. Mai tiyub biyu tana maganin zuciya mai sauri, mai faɗi tana maganin zuciya mara tsari da numfashin da baya riƙuwa. Na sha jin ana musu a kan wacce ta fi kamar ana musun ƙwallo, alhali amsar tana ga irin mutanen da ke shigowa ɗakinka.

Su masu tiyub ɗaya ba su zauna haka ba, sun kawo manhajar gyara motsi, misali SnapShot Freeze ta GE, wadda ke duba inda jijiya take kafin da bayan lokacin da ake so ta lissafo hanyar da ta bi ta maida ita wuri ɗaya. Tana aiki, na ga hotunan da da ba za su karantu ba ta ceto su, bazan raina ta ba. Abin da nake ja maka kunne a kai shine a takardar talla zaka ga an rubuta wata ƙaramar lamba ta milisakan da sunan saurin da ake samu bayan gyara, har ta fi ta mai tiyub biyu ƙanƙanta. Wannan ƙiyasi ne na manhaja, kar ka jera shi da 66 ɗin can a layi ɗaya. Kace su rubuta maka lokacin zagayen zobe kai ka raba biyu da kanka. Akwai kuma tsohuwar dabarar haɗa guntayen bayanai daga bugu biyu ko uku a yi hoto ɗaya, ita tana ɗauka cewa zuciya tana komawa daidai wuri ɗaya a kowane bugu, abin da ba kullum yake faruwa ba, ga ƙarin radiyeshin.

Wani ɗan tarihi da nake so ka riƙe, tun shekarun 1980 akwai na'urar Imatron mai harba elektiron wadda ba abin da ke juyawa a cikinta, tana ɗauka a milisakan 50 zuwa 100, da ita wani likitan zuciya mai suna Agatston ya fitar da ma'aunin kalsiyom a 1990 wanda har yau muke amfani da shi. Ta fi na zamaninta sauri nesa ba kusa ba amma yankanta masu kauri ne, da masu layi da yawa suka zo da yanka siriri sai ta ɓace daga kasuwa. Sauri shi kaɗai baya isa sai da kaifi.

Kaifi kuwa babban maƙiyinsa kalsiyom ne. Daskararren abin da ke bangon jijiya idan ya tsufa yana yin ƙarfi kamar ƙashi, a hoton CT kuma yana kumbura ya fi girmansa na gaske, ya rufe hanyar jinin da kake son gani, sai tsukewar kashi 40 ta zama kamar 70. Haka ƙarfen sitent yake yi, shi yasa aka daɗe ana cewa sitent da bai kai milimita 3 ba kar ka dogara da CT a kansa. Wannan ne yasa CT ta shahara da cewa in tace lafiya to lafiya ne, amma in tace akwai matsala wani lokacin ta zuzuta. A binciken ACCURACY na 2008 da aka yi da mai 64, idan CT tace babu tsukewa mai tsanani kashi 99 cikin 100 haka ne. Shi kuwa CORE-64 na wannan shekarar tun farko ware masu makin kalsiyom sama da 600 a ma'aunin Agatston akayi daga babban lissafin, dan an san a nan take tuntuɓe. Kuma faɗin ditekta ko tiyub biyu duk basu taɓa asalin wannan matsalar ba, sai dai rage motsi yana ɗan rage kumburin.

Nan ne mai ƙirga fotan ta shigo. Ditekta na gargajiya aiki biyu yake yi, hasken eksire ya faɗa kan wani yumɓu na musamman ya zama haske irin na gani, sannan wani abu a ƙasa ya maida hasken lantarki, ana tara komai a dunƙule ba a san fotan nawa ne ba balle ƙarfin kowanne, kuma dole a saka 'yan katangu tsakanin ƙwayoyin ditekta kar haske ya tsallaka, katangun nan suna cin wuri suna hana a ƙanƙanta ƙwayoyin. Sabon kuwa kiristal ne na kadmiyom telurayid, fotan na faɗawa kai tsaye yake zama bugun lantarki, a ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya a kuma auna ƙarfinsa. Ba katangu, ƙwayoyi sun ƙanƙance, hayaniyar lantarki ta na'urar kanta ana yanke ta, aidin kuma yana ƙara fitowa. NAEOTOM Alpha ta Siemens ita ce ta farko da hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka ta amince da ita a Satumban 2021, tiyub biyu gareta da milisakan 66 ɗin nan, kuma tana iya yanka na milimita 0.2. Ranar da na fara ganin sitent a irin wannan hoto, ina ganin zaren ƙarfen ɗaya-ɗaya da hanyar jini a tsakiya, gaskiya na daɗe ina kallo. Binciken da aka yi sun nuna a masu kalsiyom da yawa tsukewar da ake aunawa tana raguwa ta matso kusa da abin da kateta ke nunawa, wato siririn bututun da ake turawa ta jijiya har zuciya a ɗauki hoto, ma'ana mutane da dama da za a tura ɗakin kateta a banza zasu tsira.

Amma ita ma ba kyauta take bayarwa ba. A salon 0.2 ɗin faɗin da take ɗauka santimita 2.4 ne kawai, bugu da yawa kenan da riƙe numfashi mai tsawo, yanka siriri kuma yana son ƙarin haske in ba haka ba yashi ya cika hoton, ga hotuna dubbai da zasu cika ma'ajiyarku su sa kwamfutar karatu nishi. Ita ce kuma mafi tsada a duk abin da ke teburinka. Sauran kamfanoni ma sun shiga wannan fage, GE ta sayi Prismatic Sensors a 2020 tana aiki da silikon, Canon ta sayi Redlen a 2021. Canon ɗin ma tana da Aquilion Precision mai yanka 0.25 da ditekta na gargajiya, kaifi gareta sosai amma santimita 4 ce kuma zagayenta 0.35, dan haka sai zuciya ta nutsu sosai kafin ka ci moriyar kaifin.

Maganar ƙarfin haske biyu da zasu yi ta nanata maka, wato ɗaukar hoto da haske mai ƙarfi da mara ƙarfi a tare, kowane kamfani da hanyarsa, GE tana sauya kilobolt, wato ƙarfin wutar tiyub, da sauri a tiyub ɗaya, Philips ditekta mai hawa biyu take yi a IQon da Spectral CT 7500, Siemens kowane tiyub da nasa ƙarfin. Amfaninsa na zahiri a zuciya shine zaka iya rage ruwan aidin ga mai raunin ƙoda ko ka ceto hoton da ruwan bai fito da kyau ba. Abu ne mai kyau amma ni bazan zaɓi na'urar zuciya saboda shi ba.

Radiyeshin kuma, kar ka bari wani yace maka na'urarsa ce kaɗai mai sauƙi. Binciken PROTECTION I da ya tattara abin da asibitoci ke yi a 2007 ya samu matsakaicin hoton jijiyoyin zuciya wajen milisibat 12 ne, da aka sake irinsa a 2017 a PROTECTION VI ya ragu da kashi 78 cikin 100. Dan ka samu abin kwatance, abin da mutum ke sha daga muhalli a shekara a matsakaicin duniya milisibat 2.4 ne. Mafi yawan ragin nan daga salon aiki ya fito, a daina kunna haske tsawon bugu duka a kunna shi a ɗan lokacin da ake buƙata kawai, a sauko da kilobolt daga 120 zuwa 100 ko 80 ko ma 70 ga marasa jiki wanda ke ƙara hasken aidin a lokaci guda, sai sababbin hanyoyin haɗa hoto masu goge yashi, irin AiCE ta Canon da TrueFidelity ta GE. A binciken na 2017 ɗin an ga tazara mai girman gaske tsakanin asibiti da asibiti, wato hannun da ke kan na'ura yana da nasa kason babba.

Wannan ya kawo ni abin da ya fi damuna, wanda wakilin kamfani bazai faɗa maka ba dan ba abin sayarwa bane. Shirya mara lafiya. A sauko da bugu zuwa 60 ko ƙasa da metoprolol in babu abin da ya hana kamar asma mai tsanani ko toshewar hanyar lantarkin zuciya, wasu suna amfani da ivabradine a madadinsa. A saka nitroglycerin ƙarƙashin harshe 'yan mintuna kafin ɗauka dan jijiyoyi su buɗe, bayan an tambayi mutum a keɓe ko ya sha sildenafil, maganin ƙarfin maza, ko danginsa kwanan nan, dan haɗuwarsu na iya faɗar da jini ƙasa warwas. A saka kanula mai faɗi a gwiwar hannun dama da zata ɗauki mililita 5 ko 6 a sakan. A manna wayoyin ECG da kyau. A koya wa mutum riƙe numfashi sau biyu uku kafin a fara kana kallon yadda bugunsa ke yi, a kuma gaya masa zai ji zafi ya ratsa jikinsa in ruwan ya shiga kar ya firgita. Na taɓa aiki a wani wuri da aka kawo na'ura mai faɗi sabuwa fil, sai aka ɗauka ai yanzu an huta da maganin rage bugu, watanni muka yi muna rubuta cewa yanki kaza bai karantu ba, mutane suna shan radiyeshin da aidin sannan a sake tura su kateta, abun yana min ciwo har yanzu in na tuna. Da aka dawo da maganin aka ware nas ɗaya dan wannan aikin, na'urar nan dai ita ce, hotunan suka zama kamar ba ita ba. Ko mai tiyub biyu ce da kai, bugu 58 ya fi 85 kyau da ƙarancin radiyeshin.

Ka kuma tuna manyan binciken da suka sa duniya ta yarda da wannan gwaji ba da na'urorin ƙarshe aka yi su ba. SCOT-HEART a Sikotilan, mutum 4,146, da masu layi 64 da 320 aka yi, bayan shekara biyar mutuwa daga ciwon jijiyar zuciya, haɗe da toshewarta da bata kai ga mutuwa ba, ya kasance kashi 2.3 a waɗanda aka yi wa CT, 3.9 a waɗanda ba a yi wa ba, kuma babban dalili shine an ga cutar da wuri an fara magani. DISCHARGE a 2022 ya kwatanta farawa da CT da farawa da kateta, manyan matsalolin da gwajin kansa ke jawowa kashi 0.5 ne a ɓangaren CT, 1.9 a ɓangaren kateta. Hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin lafiya ta Ingila da ta maida CT gwajin farko ga mai ciwon ƙirji a 2016, 64 zuwa sama ta ce. Tun 2012 ma da ta duba manyan na'urorin lokacin guda huɗu, ta ba da shawararsu ne ga mutanen da ke da wahalar ɗauka, masu ƙiba, masu kalsiyom da yawa, masu bugu mai sauri ko mara tsari, masu sitent da waɗanda aka yi wa baifas, wato tiyatar dasa wata jijiya ta kewaye wadda ta toshe. Ga sauran jama'a mai santimita 4 da aka shirya wa mara lafiya da kyau tana bada amsa.

To in ni ne a kujerarka, zan ɗauko rajistar masu ciwon ƙirji na shekara ɗaya in duba su waye. Idan yawanci masu matsakaicin shekaru ne da ake son a tabbatar ba zuciya bace, kuma na'urar zata riƙa yin kai da ciki da haɗari duk rana, zan ɗauki mai tiyub ɗaya mai santimita 4 zuwa 8 da zagaye 0.3 ko ƙasa, da manhajar zuciya cikakkiya, ragowar kuɗin in zuba a horar da radiyogirafa, wato ma'aikacin da ke ɗaukar hoton, da likitan da zai karanta, da injin tura aidin mai kai biyu, da yarjejeniyar gyara wadda tiyub ke ciki, dan tiyub yana mutuwa kuma mai biyu biyu zaka canja. Idan tsofaffi ne da AF da masu haki ko kuna ganin yara, mai santimita 16. Idan ɗakin gaggawa ne inda ba lokacin jiran magani ya sauko da bugu, ko masu ƙiba da waɗanda ba za a iya ba maganin ba sun yi yawa, mai tiyub biyu, kuma in ka matsa min in zaɓi ɗaya dan jijiyoyin zuciya zalla ita zan ɗauka, saboda a abin da na gani motsi ya fi ɗinki ɓata min hoto. Mai ƙirga fotan sai in kuna da babban sashen zuciya da ke cike da masu sitent da kalsiyom, kuma kuna da masu karatu da ma'ajiyar da zasu ɗauki nauyinta.

Kafin ku sa hannu, kar ka yarda da hotunan da ke cikin takardar talla, waɗannan zaɓaɓɓu ne. Kace kowane kamfani ya haɗa ka da asibitin da ke amfani da wannan samfurin, kaje da radiyogirafanka, ka roƙi a buɗe maka mutum goma a jere yadda suka zo ba tare da tsincewa ba, a ciki a samu mai bugu sama da 75 da mai AF da mai kalsiyom sama da 400. A kowanne ka duba bugun da aka rubuta da radiyeshin ɗin da ya sha, sannan ka tafi kai tsaye tsakiyar jijiyar dama a yankan asali, ba hoton kala mai juyawa da zasu so nuna maka ba.